Alkiblar halin duruwid a wasan tebur: yadda ake zaɓenta da yadda ake riƙe ta

A Dungeons & Dragons da Pathfinder, wasannin da mutum huɗu ko biyar ke zama a tebur kowa da jarumin da ya ƙirƙira, ɗaya na jan labari, ɗan ludo mai fuska 20 na raba gardama, akwai gurbi a takardar jarumi inda ake rubuta alkiblar hali. Mai wasa da mayaƙi ko ɓarawo kan cike gurbin ya manta da shi har a gama labari. Mai wasa da duruwid ba shi da wannan sararin. Duruwid shi ne mai asirin daji, wanda ke rikiɗa ya zama dabba, ya kira tsawa, ya yi magana da itatuwa, kuma tun farkon wasan aka ɗaure ikonsa da halinsa. A wasu bugu, halin na kaucewa asirin ya karye.

An aro sunan ne daga malaman addinin Seltawa na ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, da Birtaniya da Ayalan, waɗanda Yuliyus Kaisar ya rubuta cewa wasunsu kan kai shekara 20 suna karatu. Lauje da kauci da duruwid ɗin wasa ke riƙewa sun samo asali daga rubutun Rumawa. Sauran duk ƙirƙira ce, saboda haka tarihi ba zai nuna maka yadda jaruminka zai yi ba.

Alkibla layi biyu ce da suka gitta juna. Na farko ya tashi daga alheri ya ƙare a sharri. Na biyu ya tashi daga bin tsari ya ƙare a ƙin tsari. Kowane layi na da tsakiya, wato tsaka-tsaki, shi ya sa gidajen suka zama tara. Ga duruwid, layin farko na amsa tambayar wa zai biya kuɗin sabulu idan buƙatar mutane ta ci karo da ta daji, na biyun kuma na amsa tambayar izinin wa yake jira kafin ya motsa.

Mataki na 1: Gano bugun da ake wasa da shi

Kada ka rubuta komai kafin ka tambayi mai jan wasa wane bugu ne a teburinsa, domin dokar ta sauya sau da dama.

Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da Dungeons & Dragons a 1974 da alkibla uku kacal: tsari, tsaka-tsaki, hargitsi. Duruwid ya zama jarumin da mai wasa zai iya ɗauka a 1976. A littafin masu wasa na 1978, da bugu na 2 na 1989, dole ne duruwid ya zauna a gidan tsakiya cif, babu karkata ko ta wace fuska. Kuma kujerun sama na hawa, wato matakan ƙarfin jarumi, ƙididdigaggu ne: mutum 9 a hawa na 12, mutum 3 a hawa na 13, mutum 1 a hawa na 14. Wanda ya so hawa sai ya kayar da mai riƙe da kujerar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsaka-tsakin duruwid na da can ba sanyin hali ba ne.

Bugu na 3 na 2000, da gyaransa na 2003 da ake kira 3.5, sun sassauta: ya isa jarumin ya kasance tsaka-tsaki a layi ɗaya. Gidaje biyar ke nan suka halatta, kusurwoyi huɗu suka haramta. Pathfinder na farko, na 2009, ya gaji wannan doka. A nan alkibla na da haƙora. Duruwid ɗin da ya faɗa haramtaccen gida, ko ya daina girmama halitta, ko ya koya wa bare asirtaccen harshen duruwid, zai rasa dukkan asiransa har da dabbar da ke rakiyarsa, sai ya yi kaffara. In ya sa sulken ƙarfe, asiransa ba za su ci ba muddin yana sanye da shi, da ƙarin awa 24 bayan ya tuɓe. Ba ya kuma iya jefa asirin da ke ɗauke da alamar alkiblar da ke kishiyar tasa.

Bugu na 4 na 2008 ya rage gidajen zuwa biyar ya cire ƙaidi. Bugu na 5 na 2014 ya dawo da tara, amma bai hana kowane irin jarumi kowane gida ba. Abin da ya rage shi ne layi ɗaya da ke cewa duruwid ba ya sa sulke ko garkuwar ƙarfe, ba tare da an faɗi hukuncin wanda ya sa ba. Gyaran 2024 ya cire ko wannan. Pathfinder na biyu, na 2019, ya bi wata hanya: ya lissafa sharuɗɗan da karya su ke raba duruwid da ikonsa, kamar lalata wuraren halitta da koyar da harshen, sannan gyaran 2023 ya soke alkibla baki ɗaya ya bar umarni da hani.

Abin da za ka fito da shi daga wannan mataki amsa ce guda: shin kauce wa hali na cire asiri a teburinku, ko labari kawai yake shafa? A rubuta amsar a zaman share fage, wato zaman da ake yi kafin a fara labari. Yawancin rigimar da ke tashi daga baya asalinta mai wasa na tunanin 2014, mai jan wasa na hukunci da 2003.

Mataki na 2: Faɗi abin da yake tsaro da sunansa

"Yana kare halitta" ba ta gina jarumi, domin ambaliya halitta ce, annoba halitta ce, manomi ma halitta ne. Zaɓi abu ɗaya da za a iya nunawa a taswira ko a faɗa a jimla guda. Yana iya zama wuri, kamar kurmi ko rafi ko tsauni. Yana iya zama ƙa'ida, kamar cewa abin da ya mutu ya ruɓe ya ciyar da na raye. Yana iya zama ƙungiya da dattawanta.

Eberron, ɗaya daga ƙirƙirarrun duniyoyin wasan, wadda ta fito a 2004, ta fi kowace nuna yadda zaɓin ke raba duruwid da ɗan'uwansa. Masu gadin kurmi na can suna zaune lafiya da manoma, suna koya musu noman da ba ya cinye daji. Masu tsaron ƙofa, waɗanda asalinsu kabilar ok ce (wasu ƙattin halittu na labarin), ba ruwansu sosai da saran itace, aikinsu toshe halittun da ke kutsowa daga wata duniya. 'Yan toka na ganin sihirin matsafan birni shi ne cutar duniya, suna kai masa hari. 'Ya'yan hunturu sun yarda cewa cuta da mutuwa ne ke tace mai ƙarfi daga rarrauna. Duk duruwid ne, kuma in ka zaunar da su a tebur ɗaya ba za su gama cin abinci ba tare da faɗa ba.

A duniyar Forgotten Realms, abin bautar da jarumin ya bi na ba da irin wannan jagora. Silvanus na tsakiya cif, Chauntea ta noma da Mielikki ta kurmi na ɓangaren alheri, Auril ta sanyi da Malar na farauta na ɓangaren sharri. Teburin da ba ya son shigo da gumakan labari na iya barin su, domin dokar bugu na 5 ta yarda duruwid ya ja ikonsa daga halitta kai tsaye.

Mataki na 3: Gwada gidajen da matsala guda

Hanya mafi sauri ta gane gidan jaruminka ita ce ka ɗora shi a kan matsalar da ba ta da mafita mai tsabta. Ga ɗaya da mai jan wasa zai iya bai wa kowa a zaman share fage. Wani ƙauye ya sha fari shekara biyu, sai mutanensa suka datse rafi don ban ruwa. Gonaki sun yi kyau. Amma fadamar da ke ƙasa ta fara tsagewa, kifi na mutuwa a cikin laka, tsuntsaye sun watse. Hakimin yankin ne ya ba da izinin madatsar a rubuce. Jaruminka ya iso da yamma, ya tarar da yara na wanka a bakin ruwan da aka tare.

Mai alheri a tsakiyar layin tsari zai fara da ƙirga bakunan da ke ci daga gonakin. Ba zai fasa madatsar ba sai ya samar da abin da zai maye gurbinta. In ya kai hawa na 5, yana da asirin Plant Growth: in ya shafe awa 8 yana yinsa, amfanin gona a faɗin rabin mil kowace fuska zai ninka har shekara guda. Da wannan zai je wa dattawan ƙauye da ciniki, su buɗe rabin ruwan shi ya ninka musu girbi. Rauninsa shi ne jinkiri. Yana cikin sulhu fadamar na iya mutuwa, kuma ya kamata mai jan wasa ya bar hakan ta faru wani lokaci, in ba haka ba alherin ya zama kyauta.

Mai bin tsari a tsakiyar layin alheri zai tambayi wace doka ce ta riga wata. Tsarin da yake bi ba lalle ya zama na hakimi ba. Yana iya zama tsohuwar yarjejeniya tsakanin da'irarsa, wato ƙungiyar duruwid da yake ciki, da kakannin ƙauyen, wadda ta ce rafi ba ya tsayawa. Zai kai takarda, ya ba da wa'adin kwana bakwai, ranar ta takwas ya fasa madatsar ko an yi kuka ko ba a yi ba. In kuma yarjejeniyar ta ba ƙauyen gaskiya, zai tsaya ya kalli fadamar na bushewa, ya hana wani duruwid taɓa madatsar. Wannan fuska ta biyu ce masu wasa ke mantawa, alhali ita ce ke sa a yarda da jarumin.

Na tsakiya cif shi ne mafi wuyar wasa, kuma shi aka fi ɓatawa. Ba wanda ba ya da ra'ayi ba ne. Ra'ayinsa shi ne kada ɓangare ɗaya ya cinye ɗaya har abada. Zai auna: in ƙauyen ya rasa girbi bana zai farfaɗo baɗi, in fadamar ta mutu ba za ta dawo ba, saboda haka ruwa ya koma. Da a ce fadamar ce ke mamaye gonaki tana kawo zazzaɓi, da ya tsaya wa ƙauyen da irin wannan sanyin ido. Ma'auninsa abin da ba ya gyaruwa ne, ba tausayi ba, ba kuma takarda ba.

Mai ƙin tsari a tsakiyar layin alheri ba zai nemi ganin hakimi ba. Da dare zai rikiɗa ya zama dabba mai haƙa, ya huda gindin madatsar, ya wuce. Bai yi don ya cuci kowa ba, bai kuma tsaya tambayar wa zai kwana da yunwa ba. Yana ƙin shinge da datsiya da duk wani mai cewa ruwa nasa ne. Bambancinsa da mahaukaci shi ne ana iya hasashen abin da zai yi: duk inda aka ɗaure abu, zai kwance.

Mai sharri a tsakiyar layin tsari zai ga cewa madatsar alama ce, mutanen ne cutar. Zai jira damina ta cika tafkin, ya fasa shi a kan gidaje, ko ya saki fara a gonaki da asirin Insect Plague in ya kai hawa na 9. Fadamar za ta rayu, kuma zai ce ya yi aikinsa. Abin da ya sa shi cikin sharri shi ne akwai hanya mai sauƙin ɓarna a gabansa ya tsallake ta da gangan.

A bugu na 5 kusurwoyi huɗu ma a buɗe suke. Mai alheri da tsari zai kai ƙara gaban hakimi ya tsaya har a sake rubuta izinin. Mai alheri da ƙin tsari zai fasa madatsar da dare, gari na wayewa ya bi gida-gida yana raba 'ya'yan itacen Goodberry, guda 10 a kowane jifa, kowace ɗaya na ƙosar da mutum yini guda. Mai sharri da tsari zai bar madatsar ya ɗora wa ƙauyen harajin da ba za su iya biya ba. Mai sharri da ƙin tsari ba kasafai yake zama lafiya a cikin tawaga ba, kuma mai jan wasa na da hurumin hana shi.

Rubuta amsarka kafin ka duba sunan gidan. Mutane da yawa kan zo da niyyar tsakiya cif, su amsa matsalar, su tarar ashe mai alheri suke son wasa da shi. Gara a gane tun yanzu.

Mataki na 4: Mayar da gidan zuwa sharuɗɗa uku

Sunan gida ba ya taimaka wa kowa a tsakiyar faɗa. Rubuta jimla uku a bayan takardar jarumi. Ta farko, abin da ba zai taɓa yi ba: "Ba na kashe dabba mai shayarwa." Ta biyu, abin da dole ya yi ko da tawaga ba ta so: "Duk gawar da na tarar sai na mayar da ita ƙasa." Ta uku, abin da zai iya sa ya karya ta farko: "Sai dai in ran ƙanwata ne a kai." Jimla ta ukun ce mai jan wasa zai gina labari a kanta, don haka kada ka bar ta fanko.

Kowane sharaɗi ya zama abin da zai taso aƙalla sau ɗaya a zama uku ko huɗu. Wanda ba ya tasowa ado ne. Wanda ke tasowa kowane minti goma, kamar "ba na shiga gini", zai gurgunta wasan kowa. A bugu na 5 na 2014, waɗannan jimloli na shiga guraben aƙida, alaƙa da aibi, kuma mai jan wasa na iya ba da tukuicin zaburarwa ga wanda ya riƙe su a lokacin da riƙon ya jawo masa asara. Tukuicin na ba shi damar jefa ɗan ludo biyu ya ɗauki mafi girma.

Batun sulke ma a nan ake yanke shi. A dokar 2014, sulken fata mai kauri na ba da kariya 12, rabin sulken ƙarfe na ba da 15, ban da ƙarin zafin nama da bai wuce 2 ba. Maki 3 ke nan duruwid ke bari a ƙasa saboda al'ada. Mai bin tsari zai bar su ba tare da tambaya ba. Mai ƙin tsari na iya cewa ƙarfe ma daga ƙasa ya fito. In mai jan wasa na son a riƙe al'adar ba tare da cutar da mai wasa ba, ya sa a samu sulken ƙwaryar kunkuru ko ɓawon wata babbar dabba mai ƙarfin na ƙarfe, bayan an sha wuyar nemansa.

Mataki na 5: Daidaita asirai, rikiɗa da da'ira

Duruwid na sake zaɓen asiran da zai riƙe bayan kowane dogon hutu, saboda haka jerin safiyarsa na nuna halinsa fiye da duk wani jawabi. Mai alheri da bai taɓa ware gurbi ɗaya don warkarwa ko samar da ruwa ba, alherinsa a baki yake. Asirin Heat Metal, wanda ke gasa mutum a cikin sulkensa da ɗan ludo biyu masu fuska 8 a kowane zagaye, da Contagion mai sa cuta, ba a haramta wa kowa su ba a bugu na 5, amma wanda ke fara kai hannu gare su kullum ya faɗi gidansa.

Asirai uku sun fi sauran tona hali. Animal Friendship na sa dabba ta amince da kai awa 24, kuma abin da ka yi da amanar shi ne gwajin. Tura kare ya taka tarko don a ga ko akwai, dabara ce mai aiki, amma ba ta mai alheri ba ce, kuma a Pathfinder na biyu zaluntar dabba na karya sharaɗin duruwid ɗin da ke rukunin dabbobi. Awaken na cin awa 8 da dutse mai darajar zinariya 1,000, ya ba dabba ko itace hankali da magana. Abin da aka farkar na amince da kai kwana 30, daga nan ya yanke wa kansa ko zai ci gaba da zama abokinka gwargwadon yadda ka riƙe shi. Mai jan wasa ya rubuta ranar 31 a littafinsa. Reincarnate kuma na dawo da wanda bai wuce kwana 10 da mutuwa ba, amma a sabon jiki da ɗan ludo ya zaɓa. Na tsakiya cif na iya ƙin yinsa sam, mai bin tsari na iya neman izinin dattawa, mai alheri zai yi amma ya kamata ya tambayi dangin mamacin.

Game da rikiɗa, dokar 2014 a fili take: jiki ya zama na dabba, amma alkibla da hali da hankali na nan yadda suke. Yawancin dabbobin wasan ba su da alkibla, kyarkeci da ya cinye makiyayi bai yi sharri ba. Duruwid da ya zama kyarkeci ya cinye makiyayi ya yi. Kada a karɓi uzurin "dabbar ce ta rinjaye ni" sai in tun farko an rubuta shi a matsayin aibin jarumin, da yardar tebur. Rikiɗar na farawa a hawa na 2, sau biyu kafin hutu, tana ɗaukar awoyi daidai da rabin hawan jarumi. Dabbar ruwa sai hawa na 4, mai tashi sai hawa na 8. Awoyin nan sun isa a yi leƙen asiri a matsayin ɓera ko kyanwa, kuma tambayar ɗakin wa jarumin zai yarda ya shiga a ɓoye tambaya ce ta layin tsari.

Da'ira ba ta tilasta gida, amma wasu na jawo tambaya. Da'irar ƙwayar naman kaza na samun asirin tayar da gawa a hawa na 5, alhali littafin 2014 ya ce tayar da gawa ba aikin alheri ba ne, miyagu ne kaɗai ke yawaita shi. Wanda ke son wannan da'ira da gidan alheri sai ya sa wa kansa iyaka a rubuce, misali a binne gawar kafin rana ta faɗi. Da'irar wutar daji ta ginu a kan cewa gobara na share wa sabon tsiro wuri, kuma wannan hujja na iya fitowa daga bakin mai alheri ko mai sharri. Abin da ke raba su shi ne ko an fitar da mutane kafin a kunna.

Mataki na 6: Abin da ke lalacewa a tebur

Na farko shi ne tsaka-tsakin sikeli, inda mai wasa ke ceton yaro da safe ya ƙona rumbu da yamma wai don ya daidaita. Tushen kuskuren tsohuwar fassara ce da ke cewa duruwid na komawa bayan duk wanda ya yi rauni. Maganinsa a koma mataki na 2: daidaiton na wurin da yake tsaro ne, ba na lissafin ayyukansa ba.

Na biyu shi ne mai wa'azin da ke tsayar da wasa duk lokacin da aka hura wuta ko aka yanka kaza. Duruwid ya fi kowa sanin cewa mai rai na cin mai rai. A ajiye fushin don ɓarna mai girma, sau ɗaya a zama da yawa, sai ya yi nauyi.

Na uku shi ne "halin jarumina ne" a matsayin lasisin cutar da tawaga. Dokar da ta fi aiki ita ce kowane duruwid, ko mai sharri ne, ya rubuta dalili ɗaya da ya sa yake buƙatar waɗannan mutane da ransu. In an rasa dalilin, a mayar da jarumin hannun mai jan wasa ya zama abokin gaba, mai wasa ya ƙirƙiri wani.

Na huɗu laifin mai jan wasa ne: kai duruwid birni zama goma a jere, ko cire masa asiri ba gargaɗi. In a bugunku hali na karya asiri, a faɗa kafin a jefa ɗan ludo: "In ka yi wannan, ka taka sharaɗi. Ka tabbata?" Kuma kada a dogara da asirin gano alheri da sharri na bugu na 5 don kama mugun duruwid, domin nau'in halitta yake ganowa, irin su shaiɗanu da matattu masu yawo, ba halin mutum ba.

Mataki na 7: Sauyin gida da kaffara

Hali na sauyawa, kuma sau da yawa sauyin ne mafi daɗin labarin. Tsari mai sauƙi da tebur zai iya ɗauka shi ne mai jan wasa ya riƙa rubuta manyan ayyuka kaɗai, waɗanda aka yi da sani kuma akwai wata hanyar. In uku suka taru a fuska ɗaya, a yi magana da mai wasa a wajen tebur, sannan a matsa gida ɗaya, ba biyu ba. A fara nuna alamar a cikin labari: dabbar rakiya ta ƙi cin abinci daga hannunsa, tsuntsaye su yi shiru in ya shigo kurmi, dattijon da'ira ya aiko a kira shi.

A 3.5 ka lura da lissafin gidaje. Duruwid na tsakiya cif na da sarari ta kowace fuska, taki ɗaya ba zai fitar da shi ba. Mai alheri a tsakiyar layin tsari kuwa taki ɗaya zuwa tsari ko ƙin tsari ya jefa shi kusurwa, asiri ya tafi. Akwai kuma la'anannen kwalkwalin da ke juya alkibla, wanda ke jefa na tsakiya cif ɗaya daga cikin kusurwoyi huɗu, wato ya raba shi da ikonsa nan take. A bugu na 5 na 2014, katin sikeli na cikin tarin katunan sihiri na juya alkiblar kowa amma ba ya taɓa na tsakiya cif.

Kaffara a 3.5 asiri ne mai daraja ta 5, saboda haka sai an nemo wani duruwid da ya kai aƙalla hawa na 9. Yinsa na cin awa guda. In laifin bisa kuskure ne ko tilas, mai yin kaffarar ba ya asarar komai. In da gangan ne, sai ya biya makin ƙwarewa 500 daga nasa, shi ya sa yakan ɗora wa mai laifi aiki tukuna don ya tabbatar tuban na gaske ne. Aikin ya dace da ɓarnar: wanda ya fasa madatsa a kan gidaje ya sake gina su da hannunsa, ba rikiɗa ba asiri. Kada ya wuce zama biyu ko uku, domin duruwid da ba asiri ba dabba kusan ɗan kallo ne a fagen faɗa, kuma mai wasan zai gaji kafin jarumin ya tuba. In dabbar rakiya ta riga ta tafi, kiran wata na buƙatar awa 24 na addu'a ba yankewa.